Kuɗin magudanar ruwan sama: rangwamen ya kai a fasa kwaltar masallaci?

Ma'aji:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gine-gine da dokokin gundumomi a nan jihar Maryland ta Amurka. Ba zan ambaci sunan masallacinmu ko gundumar da yake ciki ba, domin kwamiti bai ba ni izinin hakan ba, amma ga yadda maganar take. Ginin da muke salla a ciki tsohon kanti ne da jama'a suka haɗa kuɗi suka saya, kuma idan aka haɗa rufinsa da filin ajiye motoci sun kusa eka ɗaya. An yafe mana harajin kadara kamar sauran wuraren ibada, amma duk shekara takarda tana zuwa da kuɗin magudanar ruwan sama, wanda aka ce shi ba ya cikin abin da aka yafe. A takardar an rubuta cewa za a yi mana ragi idan muka yi aikin da zai rage ruwan da ke kwarara daga filinmu. Yanzu kan kwamiti ya rabu: wasu sun ce a fasa wani sashe na kwaltar a yi lambun da zai shanye ruwan, wasu kuma sun ce a ci gaba da biya kawai, tunda ko a haka wurin ajiye motar ba ya isar mu ranar Juma'a. Kuɗin sadakar mutane ne a hannuna, kuma ba na so in sa hannu a kan abin da ban fahimta ba.

Baban Zainab:
Wa alaikumus salam. Ma'aji, ina jihar nan aka yi wannan rigimar, kuma har yau ra'ayina yana nan inda yake. A 2012 majalisar dokokin jiha ta yi dokar da ta tilasta wa gundumomi tara da birnin Baltimore su ƙirƙiro wannan kuɗi, Gwamna Martin O'Malley ya sa hannu, aka fara karɓa a 2013. Jama'a suka laƙaba masa harajin ruwan sama, Larry Hogan ya riƙe maganar ya yi yaƙin neman zaɓe da ita a 2014, ya ci, sannan a 2015 aka cire tilascin. Gundumar Frederick tun farko sent ɗaya ta sanya a shekara don dai a ce ta bi doka, gundumomin Harford da Baltimore kuma suka soke nasu daga baya. To idan har waɗannan sun rayu ba tare da shi ba, ni ban ga dalilin da zai sa ku kashe kuɗin masallaci wajen neman sassauci a kan abin da bai kamata a karɓa daga gare ku ba tun farko. Shawarata ita ce ku haɗa kai da coci-cocin unguwar, ku je gaban majalisar gunduma ku nemi a cire wuraren ibada gaba ɗaya.

Injiniya:
Yaya Baban Zainab, tarihin da ka kawo daidai ne, sai dai akwai rabinsa da ka bari a baya. Abin da dokar 2015 ta cire shi ne wajabcin karɓar kuɗin, amma wajabcin yin aikin yana nan daram, har ma an ɗora wa gundumomin su riƙa nuna wa jiha inda za su samo kuɗin yinsa. Tushen abin daga gwamnatin tarayya yake. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 an yi mata gyara a 1987 aka shigar da ruwan saman da ke bin magudanun birane, ya zama kowane babban gari sai da lasisi zai zubar da shi a kogi. Sannan a watan Disamban 2010 hukumar kare muhalli ta tarayya ta ƙayyade yawan sinadaran taki, wato naitirojin da fosfaros, da kuma laka da za a bari su shiga mashigin tekun Chesapeake daga jihohi shida da birnin Washington. A lasisin manyan gundumomin Maryland an nemi su gyara kashi 20 cikin ɗari na daɓaɓɓen filin da ruwansa ke fita ba tare da an tace shi ba. Gundumar da ta soke kuɗin, daga babban asusunta take biyan wannan aiki, wato daga harajin kadara da na albashi. Ma'ana, kai da kake da gida mai ciyawa a gaba da baya, kai kake ɗaukar nauyin ruwan da ke gangarowa daga filin babban kanti mai eka ashirin na kwalta, da na duk wata cibiyar da aka yafe wa haraji.

Kuma ba ruwan saman ake aunawa ba, abin da ya hana shi shiga ƙasa ake aunawa: rufi, kwalta, siminti, wani wurin har da tsakuwar da motoci suka danne. Ga lissafin a sauƙaƙe. Idan aka yi ruwan inci ɗaya, rufi mai murabba'in ƙafa 1,000 yana zubar da galan 623, eka ɗaya kuwa tana zubar da kusan galan 27,000. Wannan yanki yana samun sama da inci 40 a shekara. Duk wannan ruwa na filin su Ma'aji yana wanke baƙin man da ya ɗiga daga motoci, da ɓurɓushin taya, da gishirin da aka zuba lokacin dusar ƙanƙara, ya faɗa lambatu, daga nan ya zarce rafi, domin a yawancin unguwannin Maryland bututun ruwan sama ba ya bi ta wata matata.

Baban Zainab:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ki gaya wa jama'a gaskiya cewa noma ne ya fi kowa zuba taki a wannan mashigi. Kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga Chesapeake daga kogin Susquehanna yake zuwa, wanda ya ratso gonakin Pennsylvania, ga kuma kashin kajin gonakin gabashin jihar nan. Sannan a kowane gari titunan gwamnati da kansu babban kaso ne na kwaltar da kike magana a kai. An bar jaki ana dukan taiki.

Injiniya:
Ban musa ba, Yaya, noma ne kan gaba a maganar taki. Amma kuɗin nan ba don kifi da kaguwar mashigi kaɗai ake karɓarsa ba, da shi ake yashe lambatu, ake sauya kwalbatin da ya ruɓe, ake gyara gaɓar rafin da ruwa ya zaizaye har ya kusa cin katangar mutane. Ka tuna Ellicott City a gundumar Howard, inda ambaliya ta share babban titin garin a watan Yulin 2016, aka gyara, ta sake dawowa a watan Mayun 2018, kuma duka biyun an rasa rayuka. Garin a kwari yake inda rafuka suka haɗu, ruwan da aka yi kuma ya wuce misali, don haka ba zan ce gine-ginen da ke kan tudu ne kaɗai sila ba, amma babu mai aikinmu da zai ce maka ba su ƙara wa ruwan gudu ba. Manomin Pennsylvania ba shi da hannu a wannan.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, ku da ke Maryland ku gode wa Allah. A nan Washington kuɗi iri biyu muke biya a takardar ruwa kowane wata, kuma dukansu a kan murabba'in ƙafa 1,000 na daɓaɓɓen wuri ake lissafa su. Ƙaramin shi ne dala 2.67. Babban kuma, wanda aka fara karɓa a 2009, ya taɓa haura dala 25 a 2018, sannan a shekarun da suka biyo baya yana kai-komo a wajajen dala 20. Dalilinsa shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na birnin nan tsohon bututu gare shi, wanda ruwan sama da ruwan bayan gida suke tafiya a ciki tare, idan aka yi ruwa mai ƙarfi bututun ya cika sai dagwalon ya malala cikin kogunan Anacostia da Potomac da rafin Rock Creek. Shi ya sa aka haƙa manyan ramuka a ƙarƙashin ƙasa na biliyoyin daloli, su riƙe ruwan har matatar Blue Plains ta samu sararin tace shi, kuma na Anacostia ya fara aiki a 2018. Duk wanda ya san warin kogin nan a da zai shaida an samu sauyi. Sai dai kafin a kai nan coci-coci da maƙabartu sun yi kuka sosai, domin maƙabarta ba ta shan ruwan famfo amma tana da hanyoyi masu kwalta a ciki, sai ga takarda mai nauyi tana zuwa mata. Bayan wannan kukan ne aka buɗe shirin sassauci ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda zai iya kai wa kashi 90 cikin ɗari idan sun nuna kuɗin ya fi ƙarfinsu kuma sun yi wani aiki na rage ruwan. Saboda haka maganar Baban Zainab ta haɗa kai a je gaban majalisa ba maganar banza ba ce, ko da ba a soke kuɗin ba.

Injiniya:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, domin alkaluman da kika kawo su ne za su warware wa Ma'aji matsalarsa. Tunda bai faɗi gundumarsa ba, bari in ɗauki Prince George's a matsayin misali, da farashin da ta fara da shi a 2013: dala 20.58 na gudanarwa a kan kowace kadara, da dala 20.90 a shekara a kan kowane murabba'in ƙafa 2,465 na daɓaɓɓen wuri. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, don haka kuɗinta zai tsaya a wajajen dala 390 a shekara. Wannan ekar dai, da za a ɗauke ta a tsallaka da ita iyaka zuwa cikin Washington, a kan dala 20 a wata za ta biya sama da dala 10,000 a shekara, ban da ƙaramin kuɗin. Ruwan iri ɗaya ne, kwaltar iri ɗaya ce, amma amsar tambayar Ma'aji ta bambanta ƙwarai tsakanin wuraren biyu.

Yanzu a duba ɗaya gefen. Lambun da ake magana a kai ba furanni ne kawai ba. Ana fasa kwalta, a haƙa rami, a shimfiɗa tsakuwa da bututu mai huji-huji a ƙasa, a cika da yashi gauraye da ƙasa da taki, a yanka bakin daɓen yadda ruwan filin zai gangara ciki, sannan a bar masa mafita idan ya cika. A bisa al'ada yakan ci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na filin da yake karɓar ruwansa, wato ga eka ɗaya murabba'in ƙafa 2,000 zuwa 4,000. Wurin mota ɗaya ƙafa 9 ne a 18, don haka kwamiti ya ƙaddara zai rasa wurin motoci goma sha wani abu, ko ma fiye da ashirin, sai dai idan akwai ciyawa a gefen da filin ya karkata. Kuɗin irin wannan aiki a kan eka guda dubun-dubatar daloli ne, wani lokacin ya haura dubu ɗari. Idan muka ce dala 50,000 kawai, kuma ragin da aka samu rabin kuɗin daɓaɓɓen wurin ne, ban da na gudanarwa, wato kimanin dala 185 a shekara, za a shekara 270 kafin a mayar da abin da aka kashe. Ni aikina ke nan kuma ina son a yi shi, amma ba zan ba wa kowane masallaci shawarar ya yi da kuɗin aljihunsa saboda ragi kaɗai ba. Inda farashi yake ƙasa, ragin ba ya gina komai, tallafi ne yake ginawa.

Ma'aji:
Injiniya, abin da muke biya bai yi nisa da lissafinki na farko ba. Wato ke nan masu cewa a biya a huta su ne da gaskiya?

Lauya:
Ma'aji, kada ka yi saurin yanke hukunci, domin akwai ƙofofi uku kuma kwamitinku guda ɗaya yake kallo. Ta farko ita ce ƙorafi a kan awon kansa. Gundumomi ba sa zuwa da tef, daga hoton da aka ɗauka ta jirgin sama suke zana iyakar daɓaɓɓen wuri, kuma a hoto inuwar gini ko busasshiyar ƙasa ko hanyar maƙwabci duk suna iya shiga lissafinka. Ka nemi taswirar da aka yi amfani da ita, ka aza ta a kan takardar safiyon filinku, idan akwai bambanci ka shigar da ƙorafi cikin wa'adin da aka rubuta. Wannan ba ya cin ko sisi. Ta biyu ita ce tallafin da ake bayarwa sau ɗaya don yin aikin, wanda daban yake da ragin shekara-shekara, kuma gundumomin Montgomery da Prince George's duka sun kafa irinsa, galibi da sharaɗin a amince da zanen kafin a fara haƙa. Wanda ya gina sannan ya je neman a mayar masa da kuɗi yakan dawo hannu rabbana.

Ta uku ita ce ta musamman ga wuraren ibada. A Prince George's an tsara cewa idan coci ko masallaci ya ba wa gunduma haƙƙin shiga filinsa ta gina abin da kuɗinta, za a rage masa kashi 50 cikin ɗari. Idan ya ɗauki nauyin wayar da kan mabiyansa, kashi 25. Idan kuma ya yi alkawarin kula da harabarsa yadda ba za ta gurɓata ruwa ba, wani kashi 25. Gundumar ce take buƙatar filinku fiye da yadda kuke buƙatar raginta, domin tana da adadin ekar da dole ta nuna wa jiha ta gyara, kuma filin gwamnati kaɗai ba zai ishe ta ba. Birnin Baltimore shi ma yana da farashi mai rangwame ga wuraren ibada. Ka tambayi gundumarku ko tana da makamancin wannan.

Ga Baban Zainab kuma, neman a cire wuraren ibada ɗungurungum yana da tarko a shari'a. Abin da ya sa ake iya karɓar kuɗin daga wanda aka yafe wa haraji shi ne ana ɗaukarsa ladan hidima gwargwadon nauyin da kadara ta ɗora wa magudanar. A 1998 kotun ƙolin jihar Michigan ta rushe irin wannan kuɗi na birnin Lansing, ta ce haraji ne da aka sauya wa riga ba tare da an tambayi masu zaɓe ba, kuma cikin abubuwan da ta duba akwai ko kuɗin ya yi daidai da hidimar, da ko mai biya yana da hanyar kauce masa. Tun daga lokacin lauyoyin birane suke son a ga akwai ragi a tsarin, suke kuma ɗari-ɗari da cire wani rukuni gaba ɗaya. Ko gwamnatin tarayya, wadda ba ta biyan haraji ga gari, sai da majalisar dokokin ƙasa ta yi dokar da aka sa wa hannu a farkon 2011 cewa gine-ginenta su riƙa biyan wannan kuɗi.

Baban Zainab:
To ai ka faɗi da bakinka, Barista: ragin kariya ce ga gwamnati a kotu, ba tausayin mai kadara ba.

Mai Gareji:
Ina gaida manyan zaure. Ni a birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania nake, kuma mu muka ga sauyin da idonmu. Kafin 2010 kuɗin ruwan sama a kan girman mitar famfo ake ɗora shi, don haka dogon bene mai babbar mita yana biya da yawa alhali ƙasar da ya rufe kaɗan ce, filin ajiye motoci kuwa da ba shi da famfo ba ya biyan komai. Daga 2010 aka fara komawa lissafin faɗin fili da daɓaɓɓen wuri, a hankali cikin shekara huɗu. Gidajen zama kuɗi ɗaya suke biya, mu masu wuraren sana'a kuma kowa da awonsa. Nawa ya tashi, kuma ban ji daɗi ba, amma idan na tsaya a ƙofa ana ruwa na ga yadda yake fita daga harabata kamar an buɗe famfo, na san ba a ɗora mini na wani ba. A garinmu ragin yana iya kai wa kashi 80 cikin ɗari, akwai kuma tallafin gini, shi ya sa manyan masana'antu da makarantu suka shiga, musamman bayan da birnin ya fara shirinsa na shekara 25 na rage kwararar ruwan sama a 2011. Sai dai ni ragin ba nawa ba ne. Wanda ya zo ya duba mini wurin ya ce inda ake juye man inji da ruwan batir ba a son a tura ruwansa cikin ƙasa, domin gubar za ta bi shi, kuma hanyar da ta rage ta tanki da matata ta fi ƙarfina. Sannan ko wanda ya samu ragin, duk shekara huɗu sai ya sabunta shi da shaidar cewa abin yana aiki. Ma'aji, ka tambayi kwamitinku wa zai riƙa kwashe ganye da leda daga bakin lambun bayan shekara biyar, lokacin da waɗanda suka yi ɗokin aikin sun tashi daga unguwar.

Malam Liman:
Allah ya yi wa kowa albarka. Ina da magana biyu. Ta farko, asalin abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya tashi a cikin birni a gida ya san ba a juya indararo ya zuba a gidan maƙwabci, kuma idan aka yi, mai unguwa zai sa a gyara tun kafin damina ta kankama. Ƙa'idar malamai ita ce ba cuta ba cutarwa. Idan ruwan filin masallaci yana gangarawa ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na mutanen da ke bayanmu, to akwai haƙƙi a kanmu ko da gunduma ba ta aiko da takarda ba, kuma ina so kwamiti ya fara da zagayawa ya tambayi maƙwabtan.

Ta biyu tambaya ce ga Barista. Filin masallaci waƙafi ne. Wannan haƙƙin shiga da za a ba gunduma, na wani lokaci ne ko na har abada? Idan nan gaba jama'a sun yi yawa aka so faɗaɗa ginin ko a yi ajujuwan Islamiyya a wurin, za a iya?

Lauya:
Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Irin wannan haƙƙi ana rubuta shi ne a rajistar filaye, yana bin ƙasar ba mai ita ba, ko an sayar ko an sauya kwamiti yana nan. Mallakar tana hannunku, amma ba za ku yi gini a kan wurin ba, ba za ku cike shi ba, kuma jami'ai suna da ikon shiga su duba. Tsawon wa'adin da yadda za a raba nauyin kulawa suna cikin takardar yarjejeniyar, kuma kada kowa ya sa hannu sai lauyan masallaci ya karanta ta layi-layi. Idan akwai niyyar faɗaɗa gini, a fara zana inda ginin zai zauna, sannan a ba da abin da ya saura. A kuma sani cewa ranar da aka nemi izinin babban gini, dokar gine-gine da kanta za ta iya tilasta yin aikin riƙe ruwan, a lokacin kuma da kuɗinku.

Autan Zaure:
Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa in sa baki. Duk wannan lissafi na masu kadara ne, mu kuwa da muke haya, kuma mu ne mafi yawa a zauren nan, muna biyan kuɗin a cikin kuɗin haya ba tare da mun ga takardarsa ba. Idan mai gidan ya samu ragi ba zai rage mana haya ba, mu kuma ba mu da ikon ko ajiye durom a ƙarƙashin indararo. Na ji an ce a birnin Baltimore wanda ya fita aikin gayya na share rafi ko dashen itatuwa ana rage masa wani abu a takardarsa, wanda ya nuna ana iya saka wa mutum da guminsa ba da filinsa kaɗai ba, amma ko shi sai wanda takardar take da sunansa. Sannan Malam, ina da tambaya: wannan kashi 25 na wayar da kai, ba zai zama an sayi huɗuba ba?

Malam Liman:
Auta, tambayarka tana kan hanya. Ni ba zan hau mumbari in yi huɗuba don a rage mana dala tamanin ko casa'in ba, kuma ba zan yarda wani jami'i ya duba abin da zan faɗa ba. Amma tsafta da haƙƙin maƙwabci da hana ɓarnar ruwa darussa ne da muke karantarwa tun kafin a haifi wannan doka. Idan matasa sun shirya taro bayan sallar Azahar ranar Lahadi, Injiniya ta zo ta nuna wa mutane abin da bai kamata a zuba a lambatu ba, aka rubuta sunayen mahalarta aka kai wa gunduma, ban ga aibu a ciki ba. Mumbari dai a bar shi a inda yake.

Ma'aji:
Na gode ƙwarai. Zan nemi taswirar awon, in kuma tambayi ko akwai shirin wuraren ibada. Wasu tambayoyi biyu daga 'yan kwamiti, Injiniya: ɗaya ya ce mu sayi duromomi mu jera a bayan gini, ɗaya kuma ya ce idan an yi lambun a juya ruwan alwala ciki don kada tsirran su bushe da rani.

Injiniya:
Durom yana da amfani ga gidan zama, amma galan 55 yake ci, kuma ruwan inci ɗaya a filinku zai cika kusan guda 500, don haka ragin da zai jawo muku ba zai taka kara ya karya ba. Dole ne kuma a juye shi kafin sanyi, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa shi. Ruwan alwala kuwa a bar shi a bututun da yake bi zuwa matata. Dokar aikin famfo tana lissafa shi cikin ruwan da aka yi amfani da shi, kuma mai duba lambun idan ya tarar da ruwa yana shiga alhali ba a yi ruwan sama ba, zai rubuta shi a matsayin laifi, ragin ma ya tafi. Tsirran da ake sawa a irin wannan wuri 'yan asalin yankin ne masu jure jiƙa da fari, bayan shekarar farko ba sa neman ban ruwa.

Kafin a yi maganar zane ma, a gwada ƙasar. Ana haƙa rami a inda ake son lambun, a cika shi da ruwa, a auna yadda yake sauka cikin sa'o'i, domin wurare da yawa a yankin nan yumɓu ne, ƙasar da ta shekara talatin a ƙarƙashin kwalta kuma ta danne kamar dutse. Ana so ruwan ya janye cikin kwana biyu, idan ya wuce haka kun yi wa sauro gida a ƙofar masallaci. Kuma ko wannan ramin gwajin, a kira lambar waya 811 tukuna su zo su yi alamar inda bututun gas da wayar lantarki suka bi, kyauta ne, kuma doka ce.